DIGIRIN RANCE

Shafi na 23

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," duk na gan ku. Ba ƙin rubutu na yi ba, wuta ce ta yi mana yaji. Ku gyara zama, yau ba dariya a shafin nan.

*

"Naja. Bar barkonon nan ki zo."

Naja'atu ta ɗago daga shanyar da take bazawa a tsakar gida. Yayanta Saminu ne tsaye a ƙofar ɗakinsa, riƙe da wayarta da ta kai caji a solarsa da safe. Fuskarsa kawai ta kalla ta san ba lafiya ba.

Ta goge hannu a zani ta matso.

"Mene ne wannan?"

"Wayata ce, Yaya."

"Kar ki raina min hankali. Saƙon nan da ya shigo yanzu. Wai kuɗin ɗawainiyar wata, daga rancen ɗalibai. Rancen wa?"

Daga zaure ana jiyo muryar mahaifinsu, Malam Muhammadu Lawal, yana biya wa magidanta karatu. Dole suka rage murya, faɗan ya koma raɗa.

"Nawa ne."

"Naki."

"Eh."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Tun ranar da ka ce min tsutsa ta cinye tumatirinka, in san yadda zan yi da kuɗin rajista."

"Na ce ki san yadda za ki yi. Ban ce ki ci bashi ba!"

"To sata ka so in yi?"

"Na ɗauka Gwaggo ta Kudan kika roƙa."

"Ka ɗauka. Amma ba ka taɓa tambaya ba, Yaya. Shekara guda cur ina tafiya makaranta ina dawowa, ko sau ɗaya ba ka ce Naja wa ya biya miki ba."

Ya kau da kai.

Aji uku Naja'atu ta gama a jami'a a Zariya, tana karanta Tsara Birane, saura mata biyu. Tun rasuwar Innarsu Malam ya ce mata, "Karatunki yana hannun yayanki," bai ƙara ba, ita ma ba ta tambaya ba. Saminu ya biya shekara biyu lafiya lau. A ta uku ya ce ya karye, ya roƙe ta kar Malam ya ji saboda hawan jininsa. Ta rufa masa asiri. Ta je ta nemi rancen gwamnati a ɓoye, duk da ta san Malam mutum ne da ko gishiri bai yarda a karɓo a shago a ce sai gobe ba.

"Nawa zai zama kafin ki gama?"

"Zai kusa miliyan."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Babu kuɗin ruwa a ciki. Kuma ba yanzu za a fara biya ba, sai na gama bautar ƙasa na samu abin yi, a riƙa cirewa kaɗan kaɗan."

"Abin yi! A ina? Birni nawa kika gani a ƙauyen nan namu na Malikanchi da za ki tsara?"

"Yaya..."

"Ga Nana Firdausi nan ta gidan Liman. Makarantar kiwon lafiya ta yi a nan Makarfi, yau tana asibiti, da yamma tana kyamis, ita ke sayen takin gidansu. Ke kin zaɓi zana layuka a takarda. Ki ajiye abin nan, Naja. Ki ajiye tun bashin bai yi miki yawa ba. Ni zan sa ki a ta kiwon lafiyar, wannan ba ta fi ƙarfina ba."

"In ajiye shekara uku?"

"Eh."

"Wallahi ba zan ajiye ba."

Ya kalle ta sama da ƙasa. Ya cusa mata wayar a hannu.

"Sa hijabinki. Zan kai ki ki ga ƙarshen karatun naki da idonki."

A zaure suka durƙusa. Malam ya ɗago daga littafi, tabarau a kan hanci.

"Ina zuwa haka?"

"Makarfi zan kai ta, Malam, yanzu mu dawo."

"To madalla. Allah ya kiyaye hanya. Ka bi a hankali da ita, mashin ɗin nan naka ba ya jin magana."

Magidantan suka yi dariya. Naja'atu ta kasa ko murmushi.

*

Suka hau mashin suka kama hanya. Gonakin rake suna wucewa ta gefe, ita kuwa lissafin bashinta kawai take a ranta, tana yi yana rushewa. Ba yau ta fara wannan lissafin ba. Tun ranar da kuɗin farko ya shigo take yin sa, kuma bai taɓa fita daidai ba.

A bakin tasha Saminu ya tsaya, gaban wata laima da ta koɗe. Ƙarƙashinta tebur ne cike da wayoyi a caji, da injin cirar kuɗi a gefe. Mai teburin, dogo siriri mai saje, ya miƙe yana dariya. Mu'awiyya ne, abokin Saminu tun sakandare.

"A'a, manyan dillalan gwari! Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya Malam da ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya mutanen Malikanchi? Wannan ba Naja ba ce? Kai, girma ba wuya."

"Ina wuni, Yaya Mu'awiyya."

"Lafiya lau. Ya karatu? Ya hutu?"

"Da godiya."

Ya jawo mata benci. Saminu bai zauna ba.

"Mu'awiyya, faɗa mata me ka karanta."

"Ai ta sani."

"Faɗa mata dai."

Mu'awiyya ya kalli ɗaya ya kalli ɗaya, dariyarsa ta ragu.

"Tsara Birane. Da sakamako mai kyau ma, in ana maganar sakamako."

"Yanzu ina kake aiki?"

Ya buɗe hannu a kan teburin.

"Ga birnin nan. Nan unguwar manyan wayoyi, nan ta ƙanana. Ba cunkoso, kowa da hanyarsa."

"Kin ji ko?" in ji Saminu. "To ita wannan da kake gani, rance ta ci na gwamnati don ta zo ta zama kai."

Maganar ta daki Mu'awiyya, Naja'atu ta gani a idonsa. Amma sai ya haɗiye. Wata mata ta zo cirar kuɗi, ya sallame ta, sannan ya dawo ya zauna a ɗaya gefen bencin.

"Naja, tambaye ni abin da kike so. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta daɗe tana murza bakin hijabinta.

"'Yan ajinku, suna ina?"

"Ɗaya yana Abuja, ya yi gida ya yi mota. Ya iya zanen taswira a kwamfuta kamar me, kuma kawunsa ya san mutane. Biyu suna ma'aikatar filaye, sun shiga da ƙyar. Sauran kuwa, masu koyarwa a makarantun kuɗi ne, da masu shago, da mai Keke. Matan da yawa suna gida."

"Kai ba ka nema ba?"

"Na nema har takalmina ya huje. Wani kamfani a Kaduna ya ɗauke ni. Dubu sittin a wata. Na biya ɗaki, na biya mota, na ci abinci, kafin tsakiyar wata ina kiran gida a turo min. Da na ga ni ake ciyarwa maimakon in ciyar, sai na tattaro na dawo."

"To in ana cire na bashi a cikin wannan fa?" Saminu ya tsoma baki. "Me zai rage?"

"Kuɗin kati," in ji Mu'awiyya.

Naja'atu ta kalli Mu'awiyya.

"Wato duk wahalar banza muke yi."

"Ban ce ba."

"To me ka ce? Ni ba don mota na shiga ba, Yaya Mu'awiyya. Daminar da ruwa ya shiga unguwarmu, saboda wani ya yi gini a kan lambatu, a kan ƙyaure aka fito da Inna tana jinya. Ruwa har gwiwa. Ranar na ce sai na san wanda ke da alhakin hana irin wannan. Aka ce min akwai karatunsa. Na shiga. Yanzu kowa sai ce min yake karatun yana nan, aikin ne babu. To ruwan ya daina shiga gidaje ne?"

"Bai daina ba."

"To don me babu aikin?"

"Aikin yana nan jibge. Mai biya ne babu."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Ba kuka take ba, takaici ne kawai ya hana ta kallon kowa.

"Ka yi nadama?" ta tambaya ta cikin hannun.

"Ranar kasuwa ba na yi, ciniki ba ya barina. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ne ba na son a yi min magana."

Saminu ya gyara tsayuwa.

"Shi ke nan. Ka gaya mata ta ajiye."

"A'a."

"Kamar ya a'a?"

"Da yau za ta fara, zan ce ta zauna ta yi tunani sosai. Amma ta yi uku. In ta ajiye yanzu, wanda ta riga ta ci ba zai goge ba. Ta fita ba digiri, ga bashi. Ni ko ba komai ina da takardar da nake kallo in ji haushi."

"Ba wannan na kawo ta ta ji ba."

"Ai ka ce in faɗa mata gaskiya." Mu'awiyya ya miƙa hannu zai cire wata waya daga caji, sai ya tsaya cak. Ya juyo a hankali. "Tsaya ma tukuna. Ni na rasa gane wani abu. Rancen me? Ina kuɗin shanun?"

"Mu'awiyya," in ji Saminu da sauri.

"Waɗanne shanu?" in ji Naja'atu.

"Tashi mu tafi, Naja."

"Waɗanne shanu, Yaya Mu'awiyya?"

Mu'awiyya ya kalli abokinsa. Saminu ya girgiza masa kai, kaɗan, amma ta gani.

"Wallahi na ɗauka kin sani."

"Ban sani ba. Faɗa min."

"Wannan maganar gidanku ce..."

"Don girman Allah."

Ya sauke numfashi.

"Shanun Innarku da ke wurin Fulani. Da aka raba gado, rabonki Malam ya sa aka sayar, ya damƙa wa Saminu kuɗin, ya ce na karatunki ne har ki gama. Haka shi Saminun ya faɗa min da bakinsa, ranar da ya zo sayen fulotai."

Hayaniyar tashar ta yi mata nisa. Ta juya ta kalli yayanta.

"Ba da kuɗin tumatir kake biya min ba?"

Saminu ya juya yana kallon titi.

"Yaya, da kai nake."

"Za mu yi magana a gida."

"A nan ka kawo ni, a nan za mu yi. Waɗanne fulotai?"

Mu'awiyya ne ya amsa, kansa a ƙasa.

"Wani dillali ya yanka fili a bayan gari, ya ba ni aikin zane. Ƙasan wurin kwari ne, na bar shi fayau, na ce masa hanyar ruwa ce, kar a taɓa. Ya karɓi zanen ya biya ni, ya je ya sa aka kafa turaku har cikin kwarin. Na can ƙasa sun fi araha. Na ce wa Saminu kar ya saya, har rantsuwa na yi masa. Ya sayi huɗu, ya sa harsashin shaguna."

"Sai me?"

"Sai damina ta zo."

"Yanzu fa?"

"Tafki ne. Ko kyauta ba mai karɓa."

Naja'atu ta miƙe. Muryarta ta fito sarai.

"Tsutsa, Yaya?"

"Naja, mutane na kallo."

"Tsutsa ka ce min! Na yi kuka saboda tumatirinka. Na yi maka addu'a a sujada Allah ya mayar maka. Na sha garin kwaki a makaranta har bakina ya yi tsami, ina jin kunyar in kira ka in ƙara maka nauyi. Ashe kuɗina ne a cikin tafki!"

"Tumatirin ma ya lalace, ban yi ƙarya ba."

"Amma ba shi ya hana ka biya ba."

"Don ke na yi! Kuɗi na zaune suna narkewa, komai na tashi. Na ce in juya su, kafin ki kai aji huɗu sun ninka, har kwamfuta in saya miki. Wa ya san haka za ta faru?"

"Shi ya sani!" Ta nuna Mu'awiyya. "Ya faɗa maka! Karatun da kake cewa na banza ne ya faɗa maka, ka ƙi ji. Yau kuma ka ɗauko ni a mashin ka kawo ni gabansa, ka ce in kalle shi in ji tsoro."

Masu Keke biyu sun bar hira sun zuba ido. Mai rake ma ya tsaya da wuƙa a hannu.

"Ki rage murya."

"Na rage ta shekara guda. Ta ishe ni." Ta share ido da bayan hannu. "Sai yanzu na gane. Ba bashina ke ba ka tsoro ba, Yaya. Tambayar da Malam zai yi ce. In ya ji na ci rance, zai ce ina kuɗinta. Shi ya sa kake so in ajiye, ka lallaɓa ka sa ni a mai araha, magana ta mutu."

"Ni yayanki ne, ki san abin da za ki faɗa."

"Na sani. Shi ya sa ya yi min zafi."

Ta juya ta nufi layin motoci.

"Naja! Zo ki hau mu tafi."

"Ba zan hau ba."

"Ina za ki?"

"Wurin Malam."

Mu'awiyya ya biyo ta da sauri, ya tura wa kwandasta kuɗin mota kafin ta hana.

"Ki yafe min. Da na san..."

"Ba ka yi min komai ba, Yaya Mu'awiyya. Kai kaɗai ka faɗa min gaskiya yau, duk da ba ta da daɗi."

*

Duk tsawon hanya tana hango mashin ɗin Saminu ta gilashin baya. Mota ta tsaya ya tsaya, ta tashi ya tashi. Da ta sauka ta kama hanyar gida a ƙafa, ya riƙa binta a hankali yana magana, ita ko waiwaye.

Ana sallame La'asar suka iso. A ƙofar gida ya sha gabanta.

"Ki tuna hawan jininsa."

"Ka tuna da shi ranar da kake sayen kwari?"

"Ki ba ni zuwa rani. Zan yi noman kayan gwari, zan fara mayarwa."

"Matsa min."

Ya matso dab da ita, muryarsa ta canza.

"To ji nan. In kika faɗi nawa, zan faɗi naki. Ki zaɓa. Kin san dai abin da Malam ke cewa a kan mai kwana da bashi."

Ta kalle shi kamar yau ta fara ganinsa. Ta raɓa ta gefensa ta yi sallama.

Ɗalibai sun watse. Malam na zaune a kan buzu, gefensa ƙaninsa Baffa Tukur na Janfalan, ga kwanon fura a tsakaninsu. Fuskar Malam fes, rabon da ta gan shi cikin walwala haka tun Inna na da rai.

Suka durƙusa su biyun, nesa da juna.

"Baffa, ina wuni. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, 'yar boko. Ya karatu? An kusa fara gyara mana garin?"

"Da saura, Baffa."

"Allah ya yi albarka."

"Yawwa," in ji Malam. "Gara da kuka dawo tare, dama ku nake jira. Saminu, matso."

Saminu ya ja gwiwa kaɗan.

"Baffanku ya zo da alheri. Fadamar nan da ke jikin tasa a Janfalan, magada za su sayar. Ƙasa ce mai kyau, tana rake tana tumatir. Na yi tunani, ragowar kuɗin yarinyar nan da ke hannunka, ajiyarsu haka asara ce a wannan zamani. Gara a saya mata ƙasa da sunanta. Baffanku zai riƙa nomawa, abin da aka samu ya biya mata shekara biyun da suka rage, gona kuma tana nan. Ko ta samu aiki ko ba ta samu ba, ba za ta roƙi kowa ba, ba za ta ci bashin kowa ba."

Ya juyo wajen Naja'atu yana murmushi.

"Ban taɓa faɗa miki ba, don kar ki sa rai a kuɗi ki bar karatu. Gumin uwarki ne. Yau kin girma, ya kamata ki sani."

Saminu ya sunkuyar da kai.

"Na riga na ba su magana," Malam ya ci gaba. "Gobe bayan Azahar za a haɗu gaban dagaci a biya. Saminu, da safe ka je ka ciro su."

Gumi ya keto wa Saminu ta ƙarƙashin hula.

"Ka ji ni kuwa?"

"Na... na ji, Malam."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Murmushin ya fara janyewa. Ya cire tabarau ya ajiye a kan littafi, ya mai da ido kan 'yarsa.

"Naja'atu."

"Na'am, Malam."

"Ɗago ki kalle ni."

Ta ɗago.

"Me ya sa idonki ya yi ja? Me kuka je yi Makarfi?"

Ta gefen ido ta ga Saminu ya juyo yana kallonta, leɓensa na motsi ba sauti.

"Malam," ta ce, "akwai maganar da..."

"Malam, ni zan fara," in ji Saminu.